Ɗumi Ba Zafi Ba Ne: Abin da Ke Faruwa a Cikin Kula da Durowar Abinci

A bazarar da ta wuce aka yi bikin wata 'yar uwarmu a nan Minna. An ɗaura aure da hantsi, mata suka yi yini, da la'asar sakaliya kowa ya watse da 'yar robarsa ta dafa-duka a leda. Ba a daɗe da sallar isha'i ba waya ta fara kaɗawa: wance na ta amai, yaran wane uku duk sun kwanta, an kai wata dattijuwa asibiti an sa mata ruwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma kafin gari ya waye an riga an yanke hukunci a WhatsApp. Wasu suka ce shinkafar roba ce. Wasu suka ce sinadarin ɗanɗano ne ya yi yawa. Mafi yawa kuwa, cikin raɗa, suka ce hannu aka sa, har aka fara nuna wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, don kawai an san ba sa ga maciji da uwar amarya.

Babu wanda ya tambayi ƙarfe nawa aka sauke shinkafar. Ni na tambaya. Tun kafin asuba aka ɗora, aka kwashe cikin manyan kuloli wajen ƙarfe shida na safe, ba a fara rabo ba sai bayan azahar, wasu kuma ba su buɗe tasu robar ba sai da suka isa gida bayan magariba. Awa goma sha biyu ke nan tsakanin tukunya da baki, a watan Afrilu, a garin da zafin rana kan kusanci digiri 40.

Abin da ya sake taso mini da maganar shi ne wata sabuwar na'ura da ta fara shigowa kicin ɗin masu hali, musamman a sababbin gidaje: durowar ajiye abinci da zafinsa, wadda ake dasawa a ƙarƙashin oba. Matar ƙanena ta nuna mini tata tana murna. "Yaya, ai yanzu na huta," in ji ta. "Na gama girkin rana da na dare tun da safe, na zuba a nan. Ko na jiya ne na ciro daga firji na saka, kafin Abban yara ya dawo ya ɗumamu." A zaurukan mata ana ta muhawara a kan ko ta fi kula, ko ma ta isa ta maye gurbin firji. Na'urar ba ta da laifi, kuma tana da amfani sosai in an san aikinta. Fahimtar da muka yi mata ce ke ba ni tsoro, domin ita ce dai fahimtar da muka daɗe muna yi wa kula.

Durowar nan akwati ce ta ƙarfe mai ɗan abin zafi na lantarki a ciki, da maɓallin da ke kai ta daga wajen digiri 30 zuwa wajen 80 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon ƙirar kamfani. An ƙera ta ne don kicin ɗin Turai da Amurka, inda ake son faranti ya yi ɗumi kafin a zuba abinci, ko a ajiye nama na ɗan lokaci kafin sauran girki ya kammala. Ƙananan lambobinta na ɗumama kofuna ne da tayar da kwaɓin burodi. Na saman ne kawai na abinci. Kuma aikinta guda ne: abin da ya shiga da zafi, ta riƙe masa zafin. Ba ta dafawa, ba ta ɗumama abin da ya yi sanyi. In aka ciro miya daga firji aka saka a ciki, sai ta yi awoyi tana rarrafe kafin tsakiyarta ya yi zafi, in ma ya yi, kuma a cikin waɗannan awoyin ne ɓarnar take.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idoji biyar na tsaftar abinci da ta fitar a 2001, ta ajiye iyaka biyu. Dafaffen abinci ko dai ya zauna sama da digiri 60, ko ƙasa da digiri 5. A Ingila doka ta ce wa gidajen abinci 63, a Amurka 57. Ratar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Abin lura shi ne duk abin da ya faɗa tsakanin sanyin firji da wannan zafin, yana wurin da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.

To mene ne digiri 60 a hannun mutum? Zafi ne da yatsa ba ya iya zama a cikinsa, ruwa mai wannan zafin yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu. Mu kuwa gwajinmu sananne ne. A buɗe kula, a ɗora bayan hannu a kan shinkafa, a ce, "A'a, har yanzu da ɗuminta." Wannan ɗumin da hannu ke jin daɗinsa, wanda ake iya kai loma baki ba a hura ba, bai wuce arba'in da 'yan kai ba. Jikin ɗan Adam digiri 37 ne, ƙwayoyin da ke sa mu ciwo kuma irin wannan ɗumin suka fi so. Ashe kalmar da muke kwantar wa kanmu hankali da ita, ita ce ya kamata ta tayar mana da shi.

A nan ne mutane ke tsayar da ni. Sukan ce abincin da ya tafasa, ya sha wuta awa guda, daga ina ƙwayar cuta za ta fito masa, alhali kula a rufe take? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana wajen masu daddawa.

Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa daddawa ya san irin wutar da kalwa ke sha. Ana dafa ta awoyi masu yawa, a sussuke, a wanke, a sake dafawa. Sannan a juye ta da zafinta a kwando ko ƙwarya, a lulluɓe da ganye da buhu, a ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu zuwa uku sai ka tarar ta yi yauƙi, ta canza launi, ta ɗauki warin da muka sani. Wa ya yi wannan aiki? Wata ƙwayar halitta ce mai suna Bacillus subtilis, wadda ita ba ta cutar da mu. Dahuwa ba ta hana ta aikinta ba, lulluɓin da ɗumin kuma su suka ba ta fili. Tana da 'yar uwa a dangi, Bacillus cereus, wadda ke zaune a ƙasar gona, take kuma biyo shinkafa da sauran hatsi tun daga fadama har cikin buhu. Ita ma haka take. Kula cike da shinkafa mai ɗumi, a rufe ruf tun safe, ba ta da maraba da kwandon daddawa, sai dai abin da ake nomawa a ciki.

Sirrin waɗannan ƙwayoyi shi ne idan yanayi ya tsananta sukan dunƙule kansu cikin wani ƙwanso mai tauri, su yi lamo. Tafasa ta yau da kullum ba ta gamawa da wannan ƙwanso. Ku dubi daji bayan an cinna masa wuta da rani: ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ka ce ba abin da zai sake tsirowa. Ruwan farko na sauka sai ciyawa ta fito, domin irin yana cikin ƙasa, wuta ta bi ta kansa ta wuce. Har ma ta taimake shi, tunda ta share masa abokan gasa. Haka dahuwa take yi. Takan kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke cikin ɗanyen abinci, ta bar masu ƙwanso su kaɗai a fili, ga danshi, ga abinci. Muddin zafi na sama da 60 suna nan a dunƙule. Da ya sauko sai su farka.

Idan suka farka, lissafinsu ba irin namu ba ne. A yanayin da ya yi musu daidai, ƙwaya ɗaya kan rabu biyu cikin kamar minti ashirin. Bayan awa ɗaya ta zama 8, abin da ba zai dami kowa ba. Bayan awa huɗu ta haura 4,000. Bayan awa bakwai ta wuce miliyan biyu. Daga ƙwaya ɗaya fa ke nan, kuma ba ɗaya ce a cikin kula ba. Shi ya sa waɗanda suka ci abincin biki da wuri sukan tsira, waɗanda suka kai nasu gida su kwana suna zarya. Daga nan sai a fara cewa ai an ware wasu ne aka zuba musu wani abu. Agogo ne ya ware su.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi cin raina: "A ɗumama kawai, wuta na kashe komai." Lallai tana kashe ƙwayar. Amma Bacillus cereus, yayin da take yaɗuwa a cikin shinkafa ko taliya, takan zubar da wani dafi a cikin abincin, kuma wannan dafin ba ya jin wuta. Masana sun gwada shi a digiri 121 na tsawon minti 90, zafin da tukunyar gida ba ta kaiwa, bai lalace ba. Kashe kunama bayan ta yi harbi ba ya zare dafinta daga ƙafa. Ka kashe ɓeran da ya kwana a buhun gari, kashinsa na nan cikin garin. Ka kori akuyar da ta sa baki a randa, ruwan dai ta riga ta taɓa shi. Ɗumamawa korar akuya ce. Dafin kuma ba shi da wari, ba shi da ɗaci, ba ya canza wa shinkafa kama. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da yauƙi daban suke da masu kwantar da mutum, don haka shinshinawa da ɗanɗanawa ba hujja ba ce. Mai wannan dafin yakan fara amai tsakanin rabin awa zuwa awa shida bayan cin abinci, daidai da abin da muka gani a daren bikin nan.

Wannan ba ciwon talauci ba ne, ba kuma namu mu kaɗai ba. A Ingila aka fara gane shi sosai, a 1971, daga gidajen abinci da ke dafa shinkafa da yawa su bar ta ta kwana a waje, washegari su soya. A 2008 wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya rasu a Beljiyam bayan ya ɗumama taliyar da ta yi kwana biyar a kicin ba firji. Irin wannan mutuwar ba ta cika faruwa ba, akasari mutum kan warware cikin kwana guda. Amma kwana guda na amai da gudawa ga jariri, ko tsohuwa mai ciwon suga, ko mai juna biyu, ba ƙaramin abu ba ne.

Nama da miya da wake suna da nasu baƙon, Clostridium perfringens. Shi ma mai ƙwanso ne, ba ya son iska, don haka tsakiyar babbar tukunyar farfesu da ke hucewa a hankali ita ce aljannarsa. A wajen digiri 45 yakan ninka kansa cikin kusan minti goma, alamarsa kuma murɗar ciki da gudawa, daga awa shida zuwa ashirin da huɗu bayan an ci. Na uku, Staphylococcus aureus, a fata da hancin masu lafiya yake zaune, hannu ne ke kai shi kan tuwo lokacin da ake malmala ana ƙullawa a leda, ko kan nama lokacin rabo. Dafinsa shi ma ɗumame ba ya karya shi.

Na san za a ce kakanninmu sun rayu da ɗumame ba firji ba kula. Gaskiya ne, amma a tuna yadda suke yi. Goggona, Allah ya jiƙanta, ba ta kwanciya sai ta mayar da tukunyar miya kan murhu ta tafasa sosai, ta rufe, sannan ta kafa doka: ba mai sa ludayi sai da safe. Da asuba ta sake tafasa ta har tana ɓararraka, tuwon ma a yayyanka shi a jefa a ruwan da ke tafasa. Ba ta san sunan ƙwaya ko ɗaya ba, amma dabararta ta rage awoyin ɗumi, ta hana hannu shiga, ta kuma kashe abin da ya farfaɗo da dare. Ba cikakkiyar kariya ba ce, musamman ga shinkafa, sai dai ta fi abin da muke yi yanzu nesa ba kusa ba. Mu mun riƙe kalmar ɗumame mun yar da tafasar. Ana ɗora abinci a gas minti biyu don kada a ƙarar da shi, gefe ya yi zafi, tsakiya na nan salaf, a sauke.

Game da shinkafar roba kuwa, a Disambar 2016 jami'an kwastan a Legas sun kama buhu 102 da aka ce ita ce. Da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta gwada, ba a sami roba ba. Abin da aka samu shi ne ƙwayoyin cuta fiye da ƙima. Labarin robar ya zagaye ƙasa, har yau yana yawo. Sakamakon gwajin kuwa kaɗan ne suka ji shi. Mun fi saurin yarda da maƙiyin da ya zo daga nesa, ko daga gidan kishiya, a kan wanda ke cikin kularmu.

Durowar lantarki tana da wani rauni da masu ƙera ta ba su yi tunaninsa ba, wato wuta. Jiharmu ce ke ɗauke da madatsun ruwa masu samar da lantarki, Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro tun 1990, ga kuma Zungeru, amma duk mazaunin Tunga ko Maitumbi ko Kpakungu ya san ba a rantsuwa da wutar awa shida a jere. Idan aka ɗauke ta da azahar uwargida tana wurin aiki, durowar za ta huce a hankali, a rufe, cikin kicin mai zafi. Masu kiwon kaji sun san injin ƙyanƙyasa a digiri 37 zuwa 38 yake aiki. Abin da durowar ke komawa ke nan. Idan aka dawo da wuta da la'asar sai ta sake hawa, a buɗe da daddare a tarar da abinci yana tururi, ba wanda zai san ya yi awa huɗu a inda bai kamata ba. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ga kuma tsadar man janareta, jarabar rage maɓalli zuwa ƙaramar lamba ta ƙaru, a gida da gidan abinci. Ƙaramar lambar nan ta tayar da kwaɓi ce, yadda ƙullun waina ke tashi in ya ji ɗumi. Ba wurin zaman nama ba ce.

Ko ba durowa, 'yan uwanta suna ko'ina a gari. Ku dubi akwatunan gilashi na samosa da soyayyen nama da ƙwai daga Mobil zuwa hanyar Bosso. A da, ƙwan fitila mai zafi ake sakawa a ciki, wanda ɗumi kawai yake bayarwa. Yanzu an koma farin ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan, shi kuma haske ne zalla. A ɗakunan taro ana jera farantan ƙarfe masu 'yar wuta a ƙasa, wutar ta mutu tun ana jawabin uban taro, ba mai sake kunnawa.

Wa ke da alhakin dubawa? Mutane kan ce NAFDAC, amma ita ƙarfinta ya fi karkata ga abin da aka sarrafa aka ƙunshe. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk wurin sayar wa jama'a abinci a kan ƙananan hukumomi. A Minna, Chanchaga da Bosso ke nan. Dattawa na tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa. Ban ce a dawo da tsoratarwar wancan lokaci ba. Burina kawai in ga ranar da jami'in tsafta zai shiga gidan abinci da ma'aunin zafi a aljihu, ya soka a tsakiyar shinkafa, ya nuna wa mai abinci lambar, ya yi mata bayani cikin mutunci. Ma'aunin bai kai kuɗin mudu kaɗan na shinkafa ba. Karɓar haraji da duba takardar izini ba sa gaya wa kowa ko abinci ya sauka ƙasa da 60. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo daga gurɓataccen abinci duk shekara, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yankin Afirka shi ya fi ɗaukar nauyin in aka auna da yawan jama'a, da mutuwar kusan 137,000.

Matar ƙanena ba ta daina amfani da durowarta ba, ban kuma so ta daina ba. Yanzu takan kunna ta tun kafin ta sauke girki don ta yi zafi, ta kai maɓallin sama, ta zuba abinci kai tsaye daga wuta, a rufe, na 'yan awoyi tsakanin saukewa da dawowar maigida. Na firji sai ya bi ta tukunya ya tafasa tukuna. In an ɗauke wuta ba ta san tun yaushe ba, ba ta yarda da tururin da ta gani. Kula ma haka take so: a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a cika ta fal da abinci mai zafi, a daina buɗewa kowane minti. Ƙananan kuloli biyar da za a buɗe ɗaya bayan ɗaya sun fi babba guda da za a yini ana ɗiba. Masu girkin biki su raba dahuwa kashi biyu, ta safe da ta rana, ko da itace zai ƙaru. Da zarar abinci ya bar zafi, awa biyu ce iyakarsa a waje, hukumomin Amurka ma sun ce awa ɗaya in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a Minna shi ne yawancin ranakun rani. Da azumi kuwa, daga buɗa-baki zuwa sahur wajen awa goma ne, kuma ba kular da zan amince wa da shinkafa tsawon wannan lokaci. Saura a baza shi a faranti mai faɗi ya huce da wuri, ya shiga firji in akwai. In babu, a bayar tun yana da zafi.

Wannan na ƙarshe ina so a ji shi da kyau, domin mun san inda ragowar abincin biki ke zuwa. Bayan baƙi sun watse, bayan an kai wa dangi, abin da ya rage a gindin kula da daddare ko washegari almajirai ake kira a juye musu a roba. Su ne ke cin kason da ya fi daɗewa a ɗumi, kuma idan cikinsu ya ɗauka da tsakar dare babu mai kai su asibiti, babu mai yin saƙon murya a kansu. A daren bikin nan namu an lissafa waɗanda suka kwanta gida-gida, da sunayensu. Yaran da suka kwashe gindin kuloli shida a ƙofar gida ba su shiga lissafin ba.

Na yi wa uwar amarya wannan bayanin gaba ɗaya, da lissafin awoyin. Ta saurara, ta ce, "Haka ne, ƙila zafin gari ne." Amma ba ta aika wa kowa da gyaran magana ba, matar da aka nuna da baki kuma har yau ba ta sake taka gidan ba.